Zoben Malam Tan

Ranar da ya kamata a sa ranar auren Afra'u da Luqman, ba goro aka kai gidansu ba. Saƙo aka kai, cewa Alhaji Babandi, mahaifin Luqman, yana son ganin mahaifiyarta. Ta zo da yarinyar, kuma ta zo da zoben.

Afra'u ta san zoben da ake nufi. Tun tana ƙarama yake rataye a wuyanta da siririyar sarƙa. Shi kaɗai mahaifinta ya bar mata, ban da hasken fata da ƙananan idanun da suka sa yaran unguwarsu, Akurba, ke bin ta suna kiranta 'yar Caina.

Mahaifin nata mutumin Taiwan ne. Ya zo garin Lafiya sayen riɗi tare da 'yan ƙasarsu biyu, suka kama sito a hanyar Shendam. Mahaifiyarta Sailuba, a lokacin budurwa ce daga garin Ashige, ita ke dafa musu abinci. Ya musulunta aka raɗa masa Abdullahi, amma Malam Tan kowa ke ce masa. Aka ɗaura musu aure a Ashige. Afra'u tana rarrafe motarsa ta faɗi a gangaren hanyar Akwanga. Aka binne shi a Lafiya, abokansa biyu suka rufe sito suka tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A cikin zoben akwai alamomi biyu na rubutun mutanensu: 陳月. Kullum Sailuba kan ce na farkon Tan ne, sunan gidansu, na biyun kuma Gwat, sunan da ya sa wa 'yarsa, ma'anarsa wata na sama. Duk Akurba an san wannan zance.

Suka shiga falon Alhaji Babandi. Luqman na zaune a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinsa. A kujera kuma ga Muktar, ɗan ƙanin Alhaji, wanda ya yi ta zarya wurin Afra'u kafin Luqman, ta ce masa ya yi haƙuri. Kusa da shi wani ɗan Caina ne da kwalbar lemo a hannu, yana ta murmushi, da gani bai san abin da ya kawo shi ba.

Bayan gaisuwa Alhaji ya gyara zama.

"Malama Sailuba, aure ba wasa ba ne, kuma ni ba na gina gida a kan magana biyu. Wannan Mista Wang ne, injiniya a kamfanin ma'adinan da Muktar ke aiki. Ki ba shi zoben ya karanta mana."

Sailuba ta dube shi. "Alhaji, me aka ce zoben ya yi?"

"Ba a ce komai ba tukuna. A karanta."

Afra'u ta ciro sarƙar. Mista Wang ya juya zoben wajen hasken taga, ya kanne ido, ya ce, "Chen Yue. Suna mai daɗi."

Muktar ne ke fassara. Ya ce da Turanci, "Ka duba da kyau, ba Tan ba ne?"

Mutumin ya girgiza kai. Ya ce Tan suna ne daban, alamarsa ma daban. Ya zana wata alama a wayarsa da yatsa ya nuna wa Alhaji, ya ɗora zoben kusa da ita. Ko makaho ya shafa ya san ba iri ɗaya ba ne.

Sailuba ta ce, "Ai mijina mutumin Taiwan ne, ba Caina ba. Ka gaya masa."

Aka gaya masa. Ya ce ko a Taiwan Chen ake karantawa a makaranta, haka ma ake rubutawa a fasfo.



Muktar ya sauke murya kamar mai tausayi. "Baba, ni ban so a kai ga haka ba. Amma su uku ne a siton nan, kuma ita ke shiga tana fita. In zoben uban yarinya ne kamar yadda take faɗa, to uban ba Malam Tan ba ne. Akwai wani Chen a cikinsu."

Afra'u ta juya ta dubi Luqman. Bai dube ta ba. Kansa na ƙasa.

Sailuba ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta karɓi zoben daga hannun baƙon, ta goge shi da bakin mayafinta.

"Alhaji, shekara ashirin da wani abu ina zaune a garin nan ban sake aure ba. Da tuwon sayarwa na yi wa yarinyar nan makaranta. Ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Yau ka tara maza, har da wanda bai san alƙibla ba, a karanta mutuncina a jikin ƙarfe. Allah yana gani."

Alhaji ya ce, "Ni dai na ji da kunnena. Maganar aure a dakata."

* * *

Kafin mako ya zagayo zancen ya gama Akurba. Masu sayen tuwon Sailuba suka ragu, waɗanda ke zuwa kuma kallon fuskar Afra'u ke kawo su. A wajen famfo wata ta ce da ƙarfi, "Dama su duk kama ɗaya gare su, wa zai gane na wane ne?" Afra'u ta bar jarkarta a layi ta koma gida.

Muktar kuma ya aiko wa kawunta a Ashige cewa shi ba ruwansa da abin da ya wuce. In an ba shi, zai rufa mata asiri.

Sailuba ta kwanta ciwo. Hawan jini, in ji nas ɗin da ta duba ta.

Luqman ya yi ta kiran waya ba a ɗauka. Wata la'asar ya zo da kansa, ya tsaya a zaure ya ce ba zai tafi ba sai ya ga Afra'u. Da ta fito sai ya ga ta rame, idanun sun kumbura.

"Afra'u, ki saurare ni."

"Ina jin ka."

"Wallahi ban san za a yi haka ba. Baba cewa ya yi na zauna kawai. Ban san Muktar ya ɗauki hoton zoben ya nuna wa ɗan Cainan nan tun da farko ba."

"Ni ba wannan ne ya dame ni ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Muktar maƙiyina ne, na san abin da zai iya. Baba kuma bai san Umma ba. Amma kai ka ci tuwonta. Kai take kira ɗana. Da mutumin nan ya ce Chen, kai na duba, Luqman. Duk falon nan kai kaɗai na duba."

"Na ruɗe ne."

"Ka yarda ne."

Luqman ya ce, "Ba zan miki ƙarya ba. Na ɗan lokaci zuciyata ta ce, to in gaskiya ne fa? Amma ko da gaskiya ne, ke nake so, ba sunan da ke jikin zobe ba."

"Ka ji ko? Ko da gaskiya ne." Ta yi wani murmushi mai ciwo. "Haka Muktar ma ya aiko. Shi ma zai aure ni ko da gaskiya ne. To ni ba na son mai yafe mini laifin da uwata ba ta yi ba."

"Ki ba ni lokaci. Zan nemo gaskiyar."

"A ina? Wanda ya san karatun ya karanta. Liman ɗin da ya ɗaura auren ya rasu, kakana ya rasu, shi mai zoben yana maƙabarta. Umma na kwance tana kiran sunansa, ni kuma ina zaune kusa da ita ina kallon alamun nan, kuma Allah ya yafe mini, ni ma na fara tambayar kaina. Ka ga abin da gidanku ya yi mini? Ya sa ina zargin uwata."

Ta juya ciki tana kuka. Ya daɗe tsaye a zauren kafin ya fita.

* * *

Luqman injinan ban ruwa da na casar shinkafa yake sayarwa a hanyar Makurdi, kuma daga Legas yake saro su, wurin wata tsohuwa da 'yan kasuwa ke kira Madam Lim. Ta fi shekara talatin a Najeriya. Bai taɓa tambayar daga ina take ba, a wajensa duk Caina ce. Sai da ya kira direban da ke kawo masa kaya ya ji cewa mutuniyar Taiwan ce.

Ya kira ta ya roƙe ta alfarma ɗaya: zai nuna mata wani rubutu a gaban manyansa, ta karanta abin da ta gani. Bai gaya mata komai ba, don kada a ce shi ya sa mata magana a baki. Shi kansa bai san me za ta ce ba.

Shawo kan Alhaji ya fi wuya.

"Ka tara mutane an kunyata mace," in ji Luqman, yana durƙushe. "In wannan ma ta ce Chen, na bar maganar har abada. Amma a gidan Mama Sailuba za a yi, Baba. Ta zo naka, kai ma ka je nata."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Har abada ka ce?"

"Har abada."

Da hantsi suka isa Akurba. Sailuba ta fito da ƙyar, Afra'u na riƙe da ita, aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro. Luqman ya kira Legas ta bidiyo. Fuskar tsohuwa ta bayyana, gashi fari fat, tabarau a kan hanci. Turancinta na kasuwa ne, don haka kowa na ɗan tsinta, Luqman kuma na mayarwa da Hausa.

Afra'u ta kai zoben gaban wayar.

Tsohuwar ta matso. "Da wane baki kuke so na karanta? Na makaranta ko na gida?"

Alhaji ya ɗago. "Me take nufi?"

"Da bakin makaranta, Chen Yue," in ji Madam Lim. "Amma in mai zoben ɗan Taiwan ne, uwarsa ba za ta taɓa ce masa Chen ba. A gida Tan muke cewa. Tan Gwat. In yarinya ce ƙarama sai a ce A-Gwat."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Sailuba, ba kuka ba, ba magana ba. Ta damƙe hannun 'yarta.

"Ki ce ta sake faɗa."

"A-Gwat," in ji tsohuwar, a gajarce, kamar an datse ƙarshen kalmar.

"Haka yake faɗa," Sailuba ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Haka bakinsa yake. Ni ban taɓa iya faɗa daidai ba."

Alhaji ya matso kusa da wayar. "Tambaye ta, ta yaya rubutu ɗaya zai zama suna biyu?"

Madam Lim ta yi dariya. Ta ce rubutunsu ba sauti yake kamawa ba, ma'ana yake kamawa, kowa kuma da bakin da yake furta shi. Mutumin arewacin Caina zai ce Chen, kuma bai yi ƙarya ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Ita kanta a fasfo Lin ce, a gidan ubanta Lim. Ta ce ko a cikin yaren Taiwan ɗin ma alama ɗaya tana da karatun littafi da na hira. Wannan ta biyun, in wata na sama ake nufi, gwe za a ce. In sunan mutum ne, gwat.

Luqman ya zana biyar a ƙasa da yatsa. "Kamar wannan ne, Baba. Kai ka ce biyar, Balarabe ya ce hamsa, Bature ya faɗi nasa. Lambar ba ta canza ba."

Alhaji ya kalli ƙasa. Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar.

"Malama Sailuba, na zalunce ki. Na ɗauki maganar yaro na yi aikin da bai kamaci mai furfura ba. Ki yafe mini don Allah. Gobe zan turo a sa rana, kuma zan faɗi gaskiya a masallaci da bakina."

Luqman ya dubi Afra'u, fuskarsa cike da murna. Ita uwarta take kallo.

Sailuba ta share fuska a hankali.

"Na yafe maka, Alhaji, don ina son Allah ya yafe mini. Amma kada ka turo kowa."

"Mama," in ji Luqman.

"Bari na gama, ɗana. Da tsohuwar nan ba ta raye fa? Da ba ka san ta ba fa? Da shi ke nan, ni mazinaciya ce har na mutu, 'yata kuma shegiya. Na faɗi gaskiya da bakina a falonku, ba wanda ya karɓa. Baƙo ya ce a'a kuka yarda, baƙuwa ta ce e kuka yarda. Ni ce dai ba a yarda da ni ba. Ba zan kai 'yata gidan da sai an kira Legas kafin a gaskata uwarta ba. Ranar da suka yi faɗa da wata a gidan, da wannan za a zage ta, kuma ku kun sani."

Luqman ya faɗi a gabanta ya kama ƙafarta yana kuka. "Mama, ki hukunta ni da komai ban da wannan. Zan bar gidan, zan kama haya, zan bar garin ma in kin ce."

"Ba na raba ɗa da ubansa." Ta janye ƙafar. "Afra'u, kai ni ciki, jiri nake ji."

Afra'u ta tallafe ta. A bakin ƙofa ta waiwayo sau ɗaya.

* * *

Alhaji ya cika alkawari, ya yi magana a masallaci, ya kuma hana Muktar shiga gidansa. Wasu suka yarda, wasu suka ce kuɗi aka ba tsohuwar. Sailuba ba ta sauya ba.

Luqman na zaune a shago ya zuba wa titi ido, sai ga kiran Madam Lim. Yau babu dariya a muryarta.

Ta ce tun ranar nan abin ke cin ta. Mutanensu a Legas ba su da yawa, kuma ta tuna an taɓa yin wani Tan da ya mutu a arewa. Ta yi ta kiran tsofaffi har ta samu wanda ya san gidansu a birnin Tainan. Uwarsa na nan da rai, ta haura tamanin, ba ta da wani ɗa sai shi. An gaya mata ya bar jaririya, ta sa an nema, ba a san ta inda za a fara ba.

"Na tura mata hoton yarinyar daga bidiyon nan. Tun jiya ba ta ci abinci ba. Ta ce a kawo mata A-Gwat, ita da uwarta. Akwai gida, akwai makaranta, akwai asibiti don uwar. Ba ni da lambarsu, taka kawai gare ni. Ka gaya musu."

Ya ajiye wayar.

Ba wanda ya san da wannan kira sai shi. In ya yi shiru, Afra'u na nan a Akurba. Zuciyar Mama za ta iya sanyi bana ko baɗi, shi kuma mai jira ne. In ya faɗa, ya san matar da aka yi wa abin da aka yi mata a Lafiya ba abin da zai riƙe ta a garin.

Ya rufe shago. Ya hau mashin ya nufi gida, ya kai har ƙofar, ya tsaya injin na aiki. Sannan ya juya ya ɗauki hanyar Shendam, ya nufi Akurba.

Afra'u ta same shi a zaure. Ta tsaya nesa da shi.

"Umma ta ce kada ka ƙara zuwa."

"Na sani. Saƙo na kawo, in na faɗa zan tafi."

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba, har da gidan da makarantar da asibitin. Yana magana yana kallon fuskarta. Ya ga idanun da suka yi makonni a kumbure sun buɗe, ya ga ta dafa bango.

"Kakata," ta ce a hankali, kamar mai ɗanɗana kalmar. "Ina da kaka? Tana nemana?"

"Tun kina jaririya."

Ta rufe baki da hannu biyu. Sai kuma ta dube shi, ta gane abin da ya yi, ta gane abin da zai biyo baya.

"Luqman, da ka yi shiru ba wanda zai sani."

"Na yi tunanin haka. Har ƙofar gidanmu na kai da shi."

"To me ya sa ka zo?"

"Na yi shiru sau ɗaya a kanki. Ya isa."

Hawaye suka cika mata ido. Ta ɗaga ƙafa kamar za ta matso, sai muryar Sailuba ta taso daga ɗaki, a raunane.

"Afra'u, wa ke nan?"

Luqman ya ciro wayarsa, ya nemo lambar Legas, ya sa mata a tafin hannu.

"Ki kai mata," ya ce. "Tsohuwar na jira."

Ta shiga da wayar. Yana tsaye ya ji ƙarar kiran na shiga, ya ji an ɗauka, ya ji Sailuba ta ce, "Yaushe za mu iya tafiya?"